Saƙon da Ban Karanta Har Ƙarshe Ba

Abin da na fara gani da na sauka daga kan babur a ƙofar gidan Gwaggo shi ne tulin wake a kan tabarma, ba a kai ga casa shi ba. Tun kafin in yi sallama na tsuguna na ɗauki kwasfa ɗaya na juya ta. Duk shekarar da na zo hutu wannan ƙauye na bayan Roni, nakan ga kwasfar wake da ƙananan huji baƙaƙe, inda tsutsa ta shiga ta cinye rabin 'ya'yan. Wannan karon na ɗaga ta farko, na ɗaga ta biyu, har na kai ta goma ban ga huji ko ɗaya ba. Duk a cike suke, sumul.

"Uwata, wake kika zo gaidawa ko ni?" in ji Gwaggo daga cikin zaure.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ita da ƙannenta ba sa kama sunana. Mijinta ya rasu tun ina firamare, 'ya'yanta mata biyu suna gidajen aurensu, ita kuma tana riƙe da kanta da kaskon ƙosai. Ba ta yarda kowa ya ɗauki nauyinta ba. Wake kaɗai take karɓa, shi ma daga gonar gado ne, Baffa autansu ke nomawa ya auna mata rabonta bayan kaka. Ni a Kazaure muke zaune, inda mahaifina ke aikin gwamnati, kuma ina aji huɗu a makarantar 'yan mata a lokacin. A aji ni ce wadda malamai kan manta tana nan. Ko na san amsa sai in bari wata ta faɗa.

Da la'asar Baffa ya leƙo don ya yi mini sannu da zuwa, ya tarar da ni ina ta juya kwasfa.

"Sabon iri ne, tsohuwa," ya ce. Haka shi yake kirana. "Malamin gona ya kawo mana. Wai tun daga ƙwayar halittarsa aka gyara shi, tsutsa ba ta iya cinsa. Da sai in yi ta feshi har ƙirjina ya riƙe, in kwana biyu ina tari. Bana sau biyu kacal na goya famfon feshi."

"Ni dai na ga yana tashi a kasko," in ji Gwaggo. "Sauran bayanin naku ne."

Makon farko ya wuce kamar yadda na saba. Bayan sallar asuba Gwaggo kan wanke waken da ta jiƙa, ta murje ɓawon, a kai inji a markaɗo da albasa da attaruhu. Ni aikina buga ƙullu da tura kara a murhu. A bakin zaure take suya, ta ba hanya baya, amma da jin sallama ta san mai zuwa da yawan abin da zai saya. Akwai tsohon da ke son wanda ya soyu ƙayau, sai ta bar masa na ƙarshe a mai. Akwai masu babur da ke tsayawa ba su kashe inji ba. Kafin rana ta hau katangar makwabta ƙullu ya ƙare, ta kife kwano, ta miƙe tana dafa ƙugu.

Ranar Alhamis ta tura ni kitso gidan da ke bayan namu. Mai kitson matar wani direba ce da ke aiki can Kudu, ita ce ke da babbar waya a unguwar, kuma gidanta ne matattarar mata da rana. Na tarar da su biyar ko shida a inuwar rumfa. Biyu na fi tunawa. Akwai Iya, tsohuwa mai baki, wadda ba a gama zance a ƙauyen sai ta sa nata. Akwai kuma wata matashiya, shekara uku da aure ba ta samu haihuwa ba, tana zaune gefe tana tsifar kanta da kibiya.

"Ga 'yar birni," in ji Iya. "Ki gaishe mu da ƙarfi mana, kunnena ba na makaranta ba ne."

Aka yi dariya. Na sunkuyar da kai na zauna tsakanin ƙafafun mai kitso. An yi rabin kai ke nan ta tsaya, ta goge hannunta a zani ta ɗauko waya.

"Yauwa, Allah ya kawo ki. Maigidan ya turo wani abu tun shekaranjiya, da Turanci. Ya ce a kula. Ni hoton kawai na gane, wake ne da allura. Karanta mana."

Ta miƙo mini. A saman saƙon akwai hoton wake a tafin hannu, an soka masa allurar asibiti. Abin da na fara lura da shi, waken ja ne, manya, mai lanƙwasa kamar ƙoda. Namu fari ne mai baƙin ido. Na gani sarai, ban ce komai ba. Na fara karantawa a zuci, ina juya musu da Hausa layi bayan layi.

Saƙon ya ce wani babban likita a ƙasar waje yana gargaɗin mutanen Afirka. Ya ce an kawo wake da aka sauya wa halitta, kuma duk macen da ke cinsa mahaifarta za ta bushe. Ya ce yana kawo ciwon daji. Ya ce an ba ɓeraye sun mutu. Da na fara muryata tana rawa, amma da na ɗago na ga kowa ta tsayar da abin da take yi, sai muryar ta daidaita. Ban taɓa ganin manya shida sun yi shiru don ni ba. Na ji daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Har na riƙa zaɓen kalmomin da suka fi nauyi. Inda aka rubuta cewa yana iya cutarwa, ni na ce yana kashewa.

A ƙasa, bayan wani jerin taurari, akwai layi uku da lambar waya. Na kai idona kansu, na ga kamar talla ce irin wadda ake sakawa a rediyo tsakanin shiri da shiri. Na ga kuma idan na tsaya a kan ɓerayen da suka mutu zancen zai fi tsayawa a rai. Sai na miƙa wayar.

"Shi ke nan," na ce.

Matashiyar nan ta ajiye kibiyarta a cinya. Iya ta gyara zama.

"To ke 'yar boko, gaskiya ne?"

"Likita ne ya rubuta," na ce.

"Haka aka koya muku a makaranta?"

An taɓa yi mana darasi a kan ƙwayoyin halitta, da yadda ɗa ke gadon kamannin iyayensa. Ba a taɓa cewa komai game da wake da mahaifa ba. Amma duk idanu suna kaina, kuma cewa a'a na bukatar dogon bayani. Sai na gyaɗa kai. Sau ɗaya na gyaɗa, kaɗan, mai kitso ma ta ce in daina motsi zan ɓata mata layi.

Washegari Iya ce ta fara zuwa bakin zaure, ba ta riƙo kwano ba.

"Ke, wannan waken naki, sabon irin nan ne na ƙanenki?"

"Shi ne," in ji Gwaggo, tana juya ƙosai da matsami.

"To Allah ya kyauta."

Ta juya ta tafi. Gwaggo ta bi ta da kallo, ta dube ni, na yi kamar karan murhu ne ya ƙi kamawa.

Ran nan an saya, amma ƙullu bai ƙare ba. Ranar Asabar masu babur biyu suka wuce ba su tsaya ba. Ranar Lahadi na ga kwanukan da na saba gani suna wucewa zuwa wancan gefen gari, inda wata ke soya waina. Kafin Litinin waken ya samu suna, ana ce masa waken allura. Na je famfo ɗiban ruwa na ji wasu mata biyu a gabana, ba su san ina bayansu ba.

"Wa ya faɗa?"

"'Yar ɗan'uwanta da kanta. Wadda ke makaranta a Kazaure. A makaranta aka koya musu."

"Wannan da ba ta magana?"

"Ita. Ai shi ya sa na yarda. Yarinyar nan ba ta da surutu, ba za ta ƙirƙira ba."

Ba wanda ya ƙara ambaton likita, ko direba, ko waya. Ni kaɗai na rage a cikin labarin. Shirun da nake yi don tsoron mutane shi aka ɗauka shaidar gaskiyata. Na cika bokiti rabi na koma gida.

Akwai abin da ya fi wannan ba ni kunya. Ni ma na daina ci. Na karanta abin da bakina, na ji shi da muryata, sai ya zauna mini. Gwaggo kan zuba mini guda biyar a ɗan kwano da koko, in ɗauka in zagaya bayan rumbu in murmushe wa kaji. A rana ta uku tana shanya a igiya, sai ga kaji sun fito suna kokawa a kan gutsuren ƙosai har gabanta.

"Kajin nan bana sun samu gata," ta ce. Ba ta dube ni ba.

Ta rage jiƙo daga kwano biyu zuwa ɗaya, daga ɗaya zuwa rabi. Duk da haka sai ya yi saura. Takan rufe shi da faifai ta ajiye a kan randa, ya huce, mai ya daskare a jikinsa. Tsohon nan mai son ƙayau kaɗai bai fasa ba. Ya ce shi mahaifa ba ta dame shi ba.

Ranar Talata Baffa ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba. A majalisa aka tare shi, wai shi ya kawo wa gari guba. Ya zauna a kan turmi ya cire hula.

"Tsohuwa, zo nan. Wa ya rubuta abin da kika karanta?"

"Likita ne, Baffa."

"Wane likita? Ɗan wane gari ne? Wane asibiti yake?"

Na yi ta lalube a kaina ko na ga suna, ban samu ba.

"Kin gani," ya ce. "Ni malamin gona na san gidan ubansa a Gwiwa. In waken nan ya kashe mutum, na san ƙofar da zan je in buga. Ke wace ƙofa za ki buga?"

"Kai ma ka yi a hankali," in ji Gwaggo daga bakin madafa. "Kai ka shuka, rumbunka cike yake da shi, dole ka yabe shi. Shi kuma malamin gona aikinsa ne ya raba iri. In an ba shi tsakuwa ya raba, zai ce mai kyau ce."

"Yaya, yanzu ni kike zargi?"

"Ban zarge ka ba. Na ce kai ma kana da hannu a ciki, ba kai za ka raba gardama ba."

Baffa ya mayar da hularsa. Ni kuma na tsaya tsakaninsu, na ga duk wanda ya yi magana yana da gaskiyarsa. Likitan ba shi da suna. Baffa yana da wake a rumbu. Malamin gona yana da aiki da yake karewa. Ban san wanda zan kama ba. Sai na tuna malamarmu ta darasin noma 'yar Roni ce, kuma da hutu gida take komawa. Ban taɓa yi mata magana ba in ba amsa sunana a rajista ba. Na fi minti biyar ina haɗa kalmomin kafin in ce wa Baffa ya kai ni.

Mun same ta a gidan iyayenta da hantsi, tana tsince shinkafa a tire, da ɗankwali a karkace. Ban taɓa ganinta ba hijabi da alli ba. Baffa ya tsaya a waje wajen babur. Ta dube ni ta ce, "Ke ce ta kujerar bango, kusa da taga." Ashe ta san ina nan.

Na ba ta labari ina kallon shinkafa. Ta saurara har na gama, sannan ta ɗauko wayarta.

"Wannan?" ta ce.

Shi ne, da jan wake da allura.

"Sau uku aka turo mini. Duba."

Ta nuna mini na biyu. Kalmomin iri ɗaya ne, sai dai likitan ya koma farfesa, kuma ƙasar ta canza. A na uku babu wake ma sam, masara ce, da allurar a jikin zangarniya. Ɓerayen dai suna nan sun mutu a duka ukun.

"Karanta mini na farkon. Da ƙarfi, har ƙarshe."

Na karanta. Da na zo jerin taurari na tsaya.

"Ci gaba."

Layukan uku sun ce duk wanda ya riga ya ci kada ya firgita, akwai magani na musamman da ke wanke gubar daga jini da mahaifa, a kira wannan lamba, ana aikawa ko'ina. Malama ta sa yatsa a kan lambar, ta buɗe saƙon masara ta sa yatsa a kan tasa. Lamba ɗaya ce.

"Kin karanta musu wannan?"

"A'a."

"Ba ki gani ba?"

"Na gani."

Ta ci gaba da tsince shinkafa na ɗan lokaci. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Hoton fa? Ke da ke zana kowane ganye da jijiyoyinsa a littafinki. Wannan waken gonar Baffanki ne?"

"Ba shi ba ne. Na lura tun a ranar."

"To."

Sai na faɗa mata sauran, wanda ban yi niyyar faɗa ba. Na ce an tambaye ni ko a makaranta aka koya mana, na gyaɗa kai. Ta ajiye tiren a ƙasa.

"Wato ni na faɗa ke nan."

Na ji kamar in nutse cikin tabarmar. Hawaye suka zo, na riƙe su da ƙyar, don na san ba ni aka cuta ba.

Ta bar ni na nutsu, sannan ta matso ta nuna mini wasu abubuwa biyu a wayar. Na farko bayani ne daga hukumar gwamnati da ke ba da izinin irin waɗannan iri, da sunan ofishin da inda yake, da irin gwajin da suka ce an yi kafin a sake shi ga manoma. Na biyu rubutun wani masani ne da bai yarda da sabon irin ba. Yana tsoron kada manoma su saki irin gargajiya har ya ɓace, yana kuma cewa a ci gaba da sa ido shekara da shekaru. Ya sa sunansa da wurin aikinsa a ƙasa.

"Waɗannan biyun ba su yarda da juna ba," ta ce. "Amma kowanne ya tsaya a inda za a same shi. Za ki iya rubuta masa, za ki iya ƙaryata shi, in ya yi ƙarya sunansa ne zai ɓaci. Kuma ki lura, shi mai adawar ma bai ce yana busar da mahaifa ba. Wancan kuwa ya ɓoye sunansa ya bar lambar sayar da magani. In aka kawo miki magana, ki fara da wa ya faɗa, a ina za a same shi, me zai samu in kin yarda."

"Baffa ma zai samu," na ce a hankali. "Gwaggo ta faɗa."

"Gwaggonki ta fi ki iya darasin. Zai samu. Shi ya sa maganarsa a kan feshi za ki ɗauka, don shi ya goya famfon, ya ga tsutsa ko bai gani ba. Maganar mahaifa ba fanninsa ba ne, ko ya ce e ko ya ce a'a."

"To Malama, wa ke da gaskiya?"

"Ni a iya abin da na karanta, ban ga inda aka nuna waken nan ya hana wata haihuwa ba. Ina cinsa, jiya ma alala muka yi. Amma kada ki koma ki ce Malama ta ce. In kin yi haka kin sake yin abin da kika yi ne, kin canza suna kawai. Ki faɗi abin da idonki ya gani. Inda ba ki sani ba ki ce ban sani ba. Ba a mutuwa don an faɗi haka."

A hanyar komawa Baffa ya yi ta tambayata me ta ce, ina ce masa sai mun isa. A raina ina jera abin da na sani da gaske, sai na ga bai da yawa. Saƙon ba shi da suna. Waken hoton ba namu ba ne. An tura irinsa a kan masara. A ƙarshensa ana sayar da magani. Ba a koya mana a makaranta ba. Iyakarsa ke nan.

Na tarar da Gwaggo ta wanke kasko ta kife shi a kan danga, ta juye sauran mai a kwalba ta toshe. Ba a taɓa juye man nan ba, kullum a kasko yake kwana a rufe. Babu wake a ruwa.

"Gwaggo, ba za a jiƙa na gobe ba?"

"Na bari, Uwata."

Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, tun daga hoton har gyaɗa kai. Na ce ni ce na karanta, ni ce na tsallake ƙarshen.

"Na san ke ce tun ranar Juma'a," ta ce. "Iya ba ta iya riƙe magana."

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

Ta daɗe tana goge hannunta da gefen zani, ko da yake a bushe yake.

"Na ɗauka kin san abin da ban sani ba. Ke ce mai karatu. Na ga kina ba kaji, na ce yarinyar nan kunya ce ta hana ta faɗa mini ina kashe mutane. Tun kaka nake soya shi. 'Yata, yayarki mai ciki, na aika mata kwano uku. Yarinyar nan da ba ta haihu ba, kullum sai ta aiko. Uwar mijinta ta tare ni a hanya jiya, ta ce yanzu sun gane dalili. Ba cinikin ne ya fi damuna ba."

Ni duk kwanakin nan ina ganin fushi take yi da ni, ina jiran ranar da za ta fashe. Ashe tsorona take ji, tana ganin ni ce mai ilimi, ita ce mai laifi. Macen da a shekaru ta isa ta haifi mahaifiyata tana tafiya a gidanta tana kauce wa idona. Na ce ta jiƙa ko rabin kwano ne. Ta ce wa zai ci, ni da tsoho da kaji?

Na san abin da ya rage, kuma na fi son a ce in share ƙauyen duka da tsintsiya a kan in yi shi. Na shiga ɗaki na sa hijabi, na fito, na koma na sha ruwa, na sake fitowa. Daga ƙofarmu zuwa gidan mai kitso bai kai taku hamsin ba. Na tsaya a bakin ƙofar har wata akuya ta zo ta shinshina ƙafata.

Suna nan a rumfa. Iya tana ɓare gyaɗa. Matashiyar ce a gaban mai kitso, kanta a sunkuye, an yi mata layi uku.

"Ga likitarmu," in ji Iya. "Yau kuma me za a hana mu ci? In tuwo ne ki faɗa da wuri, in yi bankwana da shi."

Suka yi dariya. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi yadda Iya za ta ji. Na tsuguna kusa da mai kitso, amma ban rage murya ba, don na san in na rage ba zan iya ɗagawa ba kuma.

"Yaya," na ce, "saƙon nan na ranar Alhamis ban karanta muku shi duka ba. Kuma da Iya ta tambaye ni ko a makaranta aka koya mana, ba gaskiya na nuna ba, ba a koya mana ba. Don Allah ki ara mini wayar, ki aika a kira duk waɗanda suke nan a ranar, a haɗa da uwar mijin wannan da kike yi wa kitso. Ina so in karanta muku daga farko har ƙarshe."